Girgizar Japan, tulin Akokan: ma'aunin yana hannun wa?

Ranar Asabar 12 ga watan Maris na shekarar 2011, mutanen Dakwaro, kamar sauran ƴan Nijar, sun yi sammako zuwa rumfunan zaɓe domin raba gardama tsakanin Mahamadu Isufu da Saini Umaru a zagaye na biyu. A wannan safiya ce, tun rana ba ta yi zafi ba, ginin farko na tashar nukiliyar Fukushima ta ƙasar Japan ya yi bindiga. Duk mai ƙaramar rediyo a kunne ya ji labaran biyu a jere cikin shirin Hausa na BBC ko na Muryar Jamus: ga ƙuri'a a gida, ga tashin hankali can ƙarshen duniya. Kaɗan ne suka lura da zaren da ya ɗaure labaran biyu. Ɗan takarar da ya lashe zaɓen injiniyan ma'adinai ne da ya yi shekaru yana aiki a kamfanin SOMAIR na Arlit, kuma abin da ke narkewa cikin tukwanen Fukushima, wato uraniyom, shi ne hajar da Nijar ta fi dogara da ita a lokacin wajen samun kuɗin waje.

Kwana guda kafin nan, ranar Juma'a, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, gabas da babban tsibirin Japan, da ƙarfin maki 9, irin wadda ba a taɓa auna kamarta ba a tarihin ƙasar. Ƙasan teku ya ɗaga, ruwan da ke bisansa ya taso ya nufi gaɓa kamar ganuwa mai tafiya. Shi ne abin da Japanawa ke kira tsunami. Mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓata, akasarinsu ruwa ne ya ci su. Ita tashar Fukushima, da jin girgizar ta kashe kanta kamar yadda aka tsara mata. Amma tukunyar nukiliya ba fitilar ƙwai ba ce da za a hure a kwanta. Ko an kashe ta, cikinta na nan kamar garwashin maƙera, sai an yi ta kwarara mata ruwa kwana da kwanaki. Igiyar da ta kai kimanin mita 14 ta haure kariyar da aka yi domin wadda ba ta kai mita 6 ba, ta nutsar da injunan wutar da ke tura ruwan sanyayawa. Tukwane uku suka narke, aka kwashe mutum fiye da 150,000 daga gidajensu.

Game da girgiza da igiyar teku, ɗan Dakwaro na iya barci har da minshari. Ɓawon duniya falle-falle ne masu motsi a hankali, kuma manyan girgize-girgize a bakin haɗuwarsu suke aukuwa. Japan na zaune inda huɗu suka haɗu, Nijar kuwa na tsakiyar guda, bisa tsohon dutsen da ya daɗe da natsuwa. Afirka ta Yamma ba ta tsira ɗungurungum ba, don kuwa a watan Disamba na 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin ƙasar Gine, unguwar Mpape ta Abuja ma ta ɗan motsa a 2018. Sai dai teku mafi kusa da Dakwaro ya fi kilomita 800 nisa. Ruwan da ke rushe ɗakuna a kwarin Tarka daga sama yake zuwa, cikin watan Agusta.

Duk da haka igiyar Fukushima ta iso Nijar, ta hanyar kasuwa. Zuwa farkon watan Mayu na 2012 Japan ta tsayar da dukkan tukwanenta, waɗanda suka kai 54 kafin hatsarin. Jamus ta yanke shawarar rabuwa da wutar nukiliya, ta kuwa rufe ukun ƙarshe a watan Afrilu na 2023. Laba guda ta uraniyom, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, wadda ake saye kusan dalar Amurka 70 a farkon 2011, ta faɗo ƙasa da 20 a ƙarshen 2016. Babban ramin Imuraren, da shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinsa a 2009 da alkawarin tan 5,000 a shekara, kamfanin Areva ya jingine shi a 2014. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati sun san wannan karatu, sun taɓa biya shi. Kuɗin uraniyom na zamanin Janar Saini Kunce ne suka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, suka kuma canza fuskar Yamai. Da tashar Three Mile Island ta Amurka ta sami matsala a 1979, kasuwa ta soma gangara, ta yi ta gangara har ƙasar ta wayi gari a shekarun 1990 malamin makaranta na bin bashin albashi wata da watanni, mai kanti kuma na bin malamin makaranta. Ke nan duk tukunyar da ta fashe a wata nahiya, sai an ji ƙararta a littafin bashi na kantunan Maraɗi.

Abin da ya fi razana duniya a 2011 kuwa, har ya kusa mantar da ita dubban da ruwa ya ci, shi ne tururin nukiliya. Dalili a fili yake. Wuta ana ganinta, fari ana jinsa a rumbu, annoba tana da alamomi. Shi wannan tururi ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma cutar da yake jawowa tana iya ɓuya shekara ashirin kafin ta fito. Abin da ido bai gani ba, kunne ke ɗaukar nauyinsa, kunne kuwa ba ya tace ji-ta-ji-ta. Cikin mako guda da hatsarin, mutanen Sin suka wawashe gishiri a kantuna bisa raɗe-raɗin cewa yana tsare jiki daga tururin. Kada wani ya yi musu dariya: a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon waya ne ya tayar da gidaje da yawa na Najeriya da tsakar dare domin wanka da ruwan gishiri, wasu har suka sha, suka ƙare a asibiti.

A Japan kanta tsoron ya yi ɓarnar da tururin bai yi ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin tururin nukiliya ya fitar da rahoto a 2021 cewa ba a tabbatar da wata cuta a jikin mazauna Fukushima da za a ce kai tsaye tururin ne ya jawo ta ba. Gwamnatin Japan ta amince a 2018 da mutuwar ma'aikaci guda sanadiyyar ciwon daji na huhu. Amma waɗanda suka rasu saboda wahalar ƙaura, tsofaffin da aka ɗauko daga gadon asibiti cikin gaggawa, da waɗanda baƙin cikin rabuwa da gida da gona ya ƙarasa, sun haura 2,000 a jahar Fukushima kaɗai.

To, shin sai a ce wa jama'a su kwantar da hankali, masana sun san abin da suke yi? Wannan ita ce amsar magabata a ko'ina, kuma ita ce ta fi ƙara rura tsoron, domin an sha faɗinta a ranar da ba gaskiya ba ce. Da tashar Carnobil ta fashe ranar 26 ga Afrilu na 1986, hukumomin Tarayyar Sobiyet sun yi gum, sai da na'urorin wata tasha a ƙasar Suwidin suka tona asiri bayan kwana biyu. Kwamitin binciken majalisar dokokin Japan ya kammala a 2012 cewa hatsarin Fukushima aikin ɗan Adam ne, sakacin kamfani da na hukumar da aka ɗora wa sa masa ido, waɗanda suka zama abokan cin mushe. Sahara ma tana da nata kason. Ranar 13 ga Fabrairu na 1960, watanni kaɗan kafin Nijar ta sami mulkin kai, Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, kudancin Aljeriya, ta kuma ci gaba har gwaji 17 zuwa 1966. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairu na 1961 saboda wannan. Taswirar sojan Faransa da ke nuna yadda ƙurar bam ɗin farko ta bazu bisa Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har Bamako da Njamena, sai a 2014 jama'a suka gan ta a jarida. Shekara 54 ana ajiye da ita a cikin akwati. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya gudu, ba a ce masa wawa.

Mutanen jahar Maraɗi ba su buƙatar zuwa Reggan kafin su gane haka. Duk ɗan Dakwaro da zai sauka Maraɗi ta Tsibirin Gobir yake bi, kuma a Tsibiri ne, daga 1985 har zuwa wajejen 2000, aka shayar da gari guda ruwan famfo mai ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Ruwa ne garai-garai, mai kyan gani a kwano. Haƙoran dubban yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwa suka lanƙwashe, iyaye suka yi ta yawo tsakanin boka da malam suna neman maganin iska, alhali kuwa gwajin kwalba guda ya isa ya bayyana komai. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da takwararta ta duniya FIDH sun tattara labarin cikin rahoto a 2002, suka ɗora alhakin a kan kamfanin ruwa na ƙasa na lokacin, SNE. Fuluwor ba tururin nukiliya ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne: guba marar launi, ma'auni a hannun mai sayarwa, talaka kuma shi ne na ƙarshen ji.

Kowane ɗan kasuwa ya san ƙa'idar nan. Ba a sayen hatsi da tiyar da mai hatsi ya ɓoye cikin buhu, ya juya baya ya auna, sa'an nan ya faɗi adadi. A Arlit da Akokan kuwa haka aka yi ciniki shekaru da dama. SOMAIR ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK a 1978. Kamfanonin ne ke haƙa, su ke auna tururin, su ke da asibitocin da ke duba ma'aikata. Sai da wasu ma'aikata da mazauna garin suka kafa ƙungiyar Aghir In'Man ƙarƙashin Almustafa Alhasan, suka gayyato CRIIRAD, wata cibiyar awo mai zaman kanta da Faransawa suka kafa a 1986 don ba su yarda da abin da gwamnatinsu ta gaya musu game da Carnobil ba. Da masu binciken suka sauka Yamai a watan Disamba na 2003, aka karɓe manyan na'urorinsu. A lura da kyau: ma'aunin aka fara kamawa. Da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka gano tarkacen ƙarfe mai tururi ana sayar da shi a kasuwar Arlit, irin wanda maƙera da magina ke saye. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta tarar tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, domin da duwatsun da aka fito da su daga rami aka yi cikon hanya. Cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun zarce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Areva ta musanta yawancin zarge-zargen, ta ce abin da jama'a ke sha da shaƙa bai wuce ƙa'ida ba, amma ta tura aka kwashe duwatsun titin. A watan Disamba na 2010, wata uku kacal kafin Fukushima, madatsar wani tafkin dagwalon SOMAIR ta ɓalle, lita kimanin 200,000 ta malala a fili. Gidajen rediyon duniya ba su katse shirinsu ba saboda wannan.

Gaskiya ta wajaba a nan, ko da ba za ta yi wa masu son kururuwa daɗi ba. Ramin ma'adini ba tukunyar nukiliya ba ne. Ba ya fashewa, ba ya tashin gari cikin dare. Tsakanin Arlit da Dakwaro akwai fiye da kilomita 400, saboda haka mai cewa duk tarin da aka yi cikin hunturu uraniyom ne ya jawo shi, ɗan'uwan mai wankan gishiri ne. Haɗarin rami a hankali yake tafiya: ƙurar da mahaƙi ya shaƙa, iskar radon da ke taruwa inda ba sarari, wadda aka tabbatar tana jawo ciwon daji na huhu, ruwan rijiya, da guntun bututun da aka mayar tukunya ko ginshiƙin rumfa. Kuma yana da tsawon rai. Sinadarin ayodin da ya tsere daga Fukushima rabin ƙarfinsa na mutuwa cikin kwana 8, na siziyom cikin shekara 30. Radiyom da ke kwance cikin sharar uraniyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris na 2021, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000, ta bar tulin shara na tan miliyan 20 a fili mai faɗin hekta 120, tsayinsa ya kai mita 35 a wasu wurare. Kamfanin Orano, magajin Areva, ya ce za a lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, cikin aikin gyara na sefa miliyar 95.

Ta ina wannan ya shafi Dakwaro? Ta ƙafar mutane da tayar mota. Arlit gari ne da ƴan ci-rani suka cika, Hausawan kudu na cikin waɗanda suka riƙe kasuwarta, gero da dabbobi suna hawa arewa, kaya da mutane suna gangarowa. Leburan da ya yi shekaru yana kwasar dutse ƙarƙashin ɗan kwangila, in ƙarfi ya ƙare gida yake komowa, Kornaka ko Birnin Lalle, ba takardar awon abin da jikinsa ya ɗauka, kuma malamin asibitin da zai duba tarinsa ba ya da dalilin tambayarsa inda ya yi aiki. Tsohon ƙarfe kuwa ba ya zama wuri guda. Inda riba take can yake nufa. A Faransa iyalan wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK, ya rasu da ciwon daji na huhu, sun kai Areva ƙara har kotu ta ba su gaskiya a 2012, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Sun faɗi, amma dai suna da takardun da za su ajiye gaban alƙali. Baƙin leburan da ya tsaya kusa da shi cikin rami guda, da me zai shiga kotu?

Abin da Japan ta yi bayan ta sha kunya ya cancanci ɗan kasuwa ya dube shi. Da masu saye suka guji shinkafar Fukushima, hukuma ba ta tsaya rantse-rantse ba. Daga 2012 aka shiga auna shinkafar buhu-buhu, wajen buhu miliyan 10 a shekara, kowanne da tambarinsa, kuma daga girbin 2015 ba a sake samun wanda ya haura ƙa'ida ba. Aka kakkafa dubban na'urori a makarantu da filayen wasa, lambar na haske kowa na gani, ƴan ƙasa kuma suka sayi nasu suna gwada na hukuma. Da lamba aka yi maganin ji-ta-ji-ta, lambar da uwa za ta iya karantawa da idonta a ƙofar makarantar ɗanta.

Yau uzurin da aka saba fakewa da shi a Yamai ya ƙare. A watan Yuni na 2024 hukumomin soja suka ƙwace lasisin Imuraren daga hannun Orano, a watan Yuni na 2025 kuma suka mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma ba a rasa dalili ba. Amma wanda ya gaji gona ya gaji har da ƙayarta. In dā kamfanin baƙo ne ke haƙa yana auna kansa, yanzu gwamnati ce mai rami, ita ce mai hukumar sa ido, ita ce mai asibiti, ita ce kuma mai ba da izinin magana. Tiyar ta sake komawa cikin buhu, buhun ne kawai ya canza mai shi. Radon ba ya duba tutar da ke bisa ƙofar kamfani. Bugu da ƙari, a watan Yuli na 2025 Nijar ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom na Rasha game da makamashin nukiliya, har ana zancen tashar wuta. Ƙasar da akasarin ƙauyukanta ke kwana cikin duhu tana da haƙƙin yin wannan buri, kuma girgizar ƙasa ba ita ce za ta hana ta ba. Tambayoyin da ke gabanta su ne ruwan da za a sanyaya tukunya da shi a ƙasar da kogi ke janyewa da rani, da kuma wanda zai iya ce wa mai tasha “tsaya” ba tare da ya kwana a gidan kaso ba. Japan mai injiniyoyi dubbai a kan tambaya ta biyu ta faɗi.

Ba a ce babu hukumomi ba. An kafa cibiyar kariya daga tururi ta ƙasa, CNRP, a 1998, aka maye gurbinta da hukumar ARSN a 2016, Jami'ar Abdu Mumuni kuma ta daɗe da cibiyar nazarin waɗannan sinadarai. Ƴan ƙasa masu ilimin aikin suna nan. Sai dai sakamakon da aka rubuta da Faransanci, aka rufe cikin ofis a Yamai, bai kai matsayin awo ba a wurin mai shan ruwan. Kamata ya yi awon rijiyoyin Arlit da Akokan ya fito a kan lokaci sananne, a liƙa shi a bangon ofishin magajin gari, a karanta shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci a gidajen rediyon karkara, kuma a bar ƙungiya irin Aghir In'Man ta ɗebi nata samfurin ta kai inda ta ga dama, ba mai tare ta a filin jirgi. Tsofaffin ma'aikata, har da leburorin ƴan kwangila da suka watsu cikin jahohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, a rubuta sunayensu, a aika wa asibitin kowace gunduma nata. Aikin lulluɓe tulin Akokan kuma, tunda aure ya mutu tsakanin Yamai da Orano, a fito a faɗi wanda zai ƙarasa shi, da layin kasafin kuɗin da zai biya.

Akwai ma abin da ƴan kasuwa ba su buƙatar jiran kowa a kansa. Ƙaramar na'urar da ke ƙara in an kusantar da ita ga ƙarfe mai tururi ba ta kai kuɗin bijimi guda a kasuwar Sakabal ba. Ba ta auna ruwa, wannan sai ɗakin gwaji, amma ta isa ta tantance lodin tsohon ƙarfe kafin a sauke shi. Ƙungiyar masu sayen ƙarfe ta Maraɗi, ko ta maƙera da masu zubin tukwane, na iya haɗa kuɗin cikin mako guda, ta ajiye na'urar a hannun sarkin tasha, duk motar da ta gangaro daga arewa a zagaya ta da ita kafin a kwance igiya.